Keken Baba da Irin Geron Kalgo

Ranar wata Talata da hantsi, a shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shukar farko, Babana ya jawo jiki daga ɗaki har gindin rumbu, ya sa Inna ta kifar da tukunyar iri a gabansa. Abin da ya zubo bai cika tafin hannu ba. Ina tsaye riƙe da taɓarya, shekaruna ba su wuce sha uku ba, na ga ya daɗe yana juya ƙwayoyin nan da yatsa. Mun shuka da ruwan farko kamar kowa a Masama, gero ya tsiro, rana ta bi shi ta ƙone. Ga kurkunu ya kama Baba a ƙafar dama, ta kumbura kamar turmi, kullum da safe yana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Ɗa namiji kuwa Allah bai ba gidanmu ba. Ni ce babba, sai ƙannena mata.

Iri yana Kalgo, wurin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta aiko tun bazara cewa tana da saura. To, wa zai ɗauko? A shekarar yunwa ba a aiken bare ɗaukar iri. Ba wai mutane ɓarayi ne ba, a'a. Mutum zai ɗauko da zuciya ɗaya, ya iso gida ya tarar da 'ya'yansa na kuka, kafin ya ankara an daka rabi. Kowa ya san haka, shi ya sa ko an roƙe ka ba ka karɓa. Mota sai ranar kasuwa, ita ma in ta ga dama. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma. In ruwa ya sauka ba mu da iri a hannu, laima ta wuce, shekara ta wuce da ita.

Baba ya dubi kekensa da ke jingine a zaure, ya dube ni, ya ce, "Ke wagga, kina iya kai Kalgo?" Ni 'yar fari ce, don haka ba shi ba Inna, babu mai kama sunana, kuma kunya ba ta barin Inna ta nuna ta damu da ni ko da wuta na faɗa. Sai ta juya maganar kan keke. "Mi kac ce, Malam? Kurkunun nan ya hau maka kai ne? Ɓata maka keke kawai za ta yi." Ta durƙusa tana mayar da ƙwayoyin cikin tukunya.

Keke dai na iya shi, wannan ba yabon kai ba ne, a tambayi tsofaffin Masama. Sa'o'ina na gaɗa a dandali, ni ina kai wa Baba fura gona a kan keken, na zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya, jiki a karkace, ina wuce samari da ƙararrawa. Amma wannan hawan ba ya tafiya mai nisa, kafin a kai ko garin Kambaza da ke kusa da mu ƙugu ya riƙe. In kuma na hau sirdi, ƙafata ba ta kai feda. Daga kan tabarma Baba ya sa na kwance sirdin, na naɗa tsumma da tsohon buhu a kan sandar, na ɗaure tam da igiyar rama. Nan ne mazaunina. Sannan ya koya mini faci: a cika tif ɗin taya da iska, a nutsa shi cikin kwaryar ruwa a nemi inda yake kumfa, a goge wurin da dutse, a shafa gam ɗin sholisho, a jira ya sha iska. Na gama ina murna, ya karɓa ya duba, ya ɗauki ƙayar aduwa ya sake huda shi a gabana. "Sake. Bisa hanya ba ni nan." Haka muka wuni, ina liƙewa yana hudawa, awaki na kuka ba wanda ya kai su kiwo. Hanyar ma haddace ta na yi kamar karatun allo: in bi burji, kada in yanke ta fadama ko an rantse mini ta fi kusa, in zan yi tambaya in nemi mata a bakin rijiya.

Abin da ya kusa kashe tafiyar shi ne kaya. Baba ya ce a cika buhu da rairayi daidai nauyin irin da zan ɗauko, a ɗaure a kariyar bayan keke, in je rijiyar bayan gari in dawo ban sa ƙafa a ƙasa ba. Ina taka feda tayar gaba ta ɗaga, buhu ya rinjaye ni, sai ga ni cikin ƙasa. Na tashi na sake, na sake faɗuwa. Gwiwa ta fashe, maƙwabta sun leƙo ta kan darni, gabas ta yi baƙi ƙirin ana walƙiya. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "In ba ta iya rairayi, ba ta iya iri. A bar shi ga Allah." Ƙanwata ƙarama ta fara kuka ba ta san dalili ba.

Sai ga Inna ta fito daga madafa da wuƙa. Ita 'yar masu fataucin kanwa ce, a gindin jakai ta tashi. Ba ta dube ni ba, ta yanke igiyar, ta raba rairayin gida biyu, ta ɗinke buhun kamar mangala, ta rataya shi a kariya, rabi dama rabi hagu, can ƙasa kusa da taya. "Ko jaki ba a yi mai kaya bisa ƙugu haka," in ji ta, ta koma wurin tuwonta. Na hau. Keke ya miƙe ɗoɗar. Na je rijiya na dawo, jini na bin ƙaurina, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Ana idar da sallar asuba na fito, da tsohon wandon Baba a ƙarƙashin zane, dawo a ƙulle, ruwa a gora, da fatar akuya ta rufe iri. Inna ba ta rako ni zaure ba. Daga ɗaki na ji muryarta: "A kula da iri, kar shi jiƙe." Na isa Kalgo rana ta yi sanyi, cinyoyina sun saɓule. Gwaggo ta gan ni ta dafe ƙirji, tana kuka tana yi wa ƙanenta faɗa daga nesa. Washegari ta cika mini mangala da iri na juyo, hadari na bina a gefe, iska na ture ni, ina taka feda ina salati. Ɗigon farko ya same ni ina hangen rumbunan Masama. Da safe Inna na gaba da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Geron bai yi yawa ba, amma ba mu bar gida don yunwa ba kamar waɗansu.

Yanzu jikokina kan je Kalgo a kan mashin su dawo tuwo bai huce ba, iri kuma ga shi nan a leda a kowace kasuwa. Na gode wa Allah da ya sauƙaƙa musu. Sai dai in ina ba su labarin nan dariya suke yi, kuma babu wanda zan waiga in ce ya shaide ni. Baba, Inna da Gwaggo duk ƙasa ta rufe su. Ni kaɗai na rage da na san nauyin geron nan.