Dattijo a Kan Koren Layi

Tun daga bakin ƙofa nas mai awon nauyi take kallonsa. Dattijo ne dogo, rigarsa tana reto a jikinsa kamar ta aro. Gorar ruwa ce a hammatarsa. Kafin layi ya zo kansa ya shanye ta, ya sake cikawa a famfo, amma leɓɓansa a bushe suke. Da gani ya saba ɗaukar babban jiki, don har yanzu karkacewa yake in zai shige ƙofa.

Ya hau sikeli, ta auna tsawonsa, ta yi lissafin nauyi da tsawo. Ashirin da biyu. Shi da kansa ya bi jadawalin bango da yatsa har ya sauka a koren layi, inda aka rubuta "daidai".

"Kin gani ko, 'yata? Yau dai uwar yara za ta sakar mini mara. Kullum tumbi, tumbi!"

Ta buɗe katinsa. Wata huɗu da suka wuce, lissafin talatin da ɗaya ne.

"Baba, abinci ka rage?"

"Ni? Ci nake kamar gara. Sauƙi ne daga Allah."

Ta ce ya jira likita a yi masa gwajin ciwon sukari, ya ce mai lafiya me zai yi da likita? Ya linke takardar awon da ta ba shi kamar lambar yabo, ya tsaya ƙara ɗaure bel. Huji huɗu ta ƙirga, sababbi, hudar ƙusa. Gaba da na huɗun, ya riga ya sa alamar na biyar da biro.