Gero ko dawa

Har gobe ina tuna ranar da Malam Garba, wani dattijon manomi daga Fakku, ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Lokacin ina nas a ɗakin maza a Kebbe, ana dab da faɗuwar damina.

Kansa ce ke damunsa, wato ciwon daji, ta ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Likitocin Sakkwato sun ɗora shi a kan allurar da ke danne sinadarin mazakuta, domin da shi ciwon ke girma. Ni nake yi masa ita duk wata uku. Ya ji daɗinta ƙwarai, har ya koma gona. Daga baya ciwon ya daina jin allurar, ya bi ƙashin baya da ƙugu. Sauran magunguna masu ƙarfi kuwa, likita ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba, sai dai a rage masa zafi.

Babban ɗansa Usman, malamin makaranta a Tambuwal, ya ja ni gefe ya roƙe ni kada tsohon ya ji cewa ciwon ba na warkewa ba ne. Haka muke yi a nan, muna ɓoye wa mai ciwo don tausayi. Na ce ba zan fara faɗa ba, amma ba zan yi masa ƙarya ba.

Ina gyara masa robar fitsari, sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ruwa sun kusa. Gero zan sa a shibka mini, ko dawa?"

Gero yakan nuna tun damina ba ta ƙare ba, dawa kuwa sai kaka ta yi nisa. Na gane ba maganar gona yake yi ba. Na dubi Usman, ya sunkuyar da kai.

"Baba, rai na hannun Allah. Amma a shuka gero."

Ya yi hamdala, ya ce a kai shi gida. A makon nan ya aika aka kira ƙanensa, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda iyakar gona, suka yafi juna.

Usman ya yi fushi da ni, ko gaisuwata ba ya amsawa. Bayan sadakar bakwai sai ga shi a asibiti da damin gero a bayan babur. Ya ce tsohon ya sha furar sabon geron kafin ya cika, kuma shi ya bar wasiyya a kawo mini.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙa sauraron tambayar marar lafiya da kyau. Mutanenmu ba sa tambayar saura kwana nawa, amma suna son su sani. Ranar da aka kawo damin nan, dawar maƙwabtansa ko kai ba ta fitar ba.