Saƙon da Yaya Ya Bari a Cikin Kuskure

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar Talata, tara ga wata, da aka bugo waya daga ofis cewa ka kife a kan teburinka, rai ya yi halinsa, kullum sai na lalata aikina da gangan don ka yi mini magana.

Kai ka koya mini haɗa shafin intanet. Ranar da nawa ya ƙi tashi, kwamfuta ta ce wai "ba a samu ba", daga nan ba ta ƙara komai ba, har kuka na yi. Ka leƙo, ka kwashe da dariya. "Auta, ai kamar masoyan littattafanki ne. Wannan fayil ya ce ba zai buɗe ba sai wancan ya fara, wancan ma haka. Kowa na jan aji." Sai kuma ka ɗaure fuska. "Amma saƙon ne bai kyauta ba. Wanda ya ɓata hanya, ba a ce masa 'ka ɓata' a wuce."

Ka daɗe kana gyara saƙon nan, ba wanda ya sa ka, ka aika wa masu manhajar da muke haɗa shafin da ita suka karɓa. Abokin aikinka da ya zo gaisuwa ya ce yanzu ko'ina a duniya naka ake gani.

In Mama ta kishingiɗa da rana, sai in lallaɓa ɗakinka. Kujerar tana nan a karkace yadda ka bar ta, ga shatin kofinka a kan tebur. In kunna kwamfutarka, in sa fayil biyu su kira juna, in danna. Allon ya yi jim kamar mai jan numfashi, sannan: "Wannan yana jiran wancan, wancan yana jiran wannan. Abin mai sauƙi ne. Ga layin da za a duba." Da Turanci yake, amma wallahi da muryarka nake jin sa, har da gyaran muryar nan taka. Shekaranjiya ban taɓa komai ba ya fito. Na kasa waiwayawa.

Mama kuwa kullum cewa take, "Ko kalma ɗaya bai bar mini ba." Ta tsani kwamfutar nan. In ta ji, na san za ta kulle ɗakin, ta ce na yi gamo.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka yadda ka haskaka wa mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ya ba Mama da Anti matarka da mu duka haƙurin rashinka.

Ina jin motsin Mama a kicin. Ko da za ta kulle ɗakin, bari in kai mata takardar nan da nake rubuta maka.