Manyan Dankali a Bakin Rijiya

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da na kwance buhun dankali a bakin rijiya ina cika baki ba, kuma na daina sa ran zan manta. Ku da kuka tarar da ni a wannan aiki kun san ni da suna Gaskiya. Sunana Idi. Gaskiyar tsiya ce aka laƙaba mini, don ni ne na ba da labarin sauron Kalfu da ya sure ɗan akuya. Ban janye ba, sauron yana nan da ransa. Amma labarin yau ko gishiri ban ƙara masa ba.

Na fi shekara ashirin ina dafa wa maginan rijiya abinci. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda muke. Akwai shef, shi ke riƙe da takardu da agogo da makullin mota. Akwai magina biyu masu sauka ƙasa bi da bi. Akwai masu jan igiya, su ke saukar da magini, su ke fito da gugar ƙasa. Akwai masu zuba zoben siminti da ake jerawa don kada bango ya rufta. Sai ni mai tukunya, wanda a ganina ya fi kowa daraja, tunda ban taɓa ganin rijiyar da aka gina da yunwa ba.

A waccan shekara, cikin rani, muna aiki a wani ƙauye arewa da Tebaram. Rijiyoyin wannan yanki namu na Adar ba irin na fadama ba ne da za ka tona da cokali ruwa ya fito. Mun wuce gaba talatin, ƙasa tana nan a bushe kamar hannun marowaci. A irin wannan zurfi abin tsoro ba ruftawa kaɗai ba ne, har da iska. Iskar ƙasan rijiya tana mutuwa. Shi ya sa kullum da safe ake zura fitila mai wuta, in ta mutu ba mai sauka sai an ɗaura reshe mai ganye an yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta canza. Kuma doka ce magini kada ya wuce minti arba'in a ƙasa. Mugunyar iska ba ta ciwo, ba ta wari. Barci take sa mutum, mai daɗi ma kuwa. Ga shi maginin Adar ba ya girgiza igiya ya ce a fitar da shi kafin a kira shi. Abin kunya ne a wurinsu, wanda ya yi sai an yi shekara ana yi masa waƙa.

Babban magininmu Arzika ne, taubashina, ɗan gwaggota. Ya girme ni da shekara goma. Tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a taɓa yanke shari'ar ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana sai in ni zai zaga. Na biyunsa Agali ne, Buzu dogo, wanda shayi ya fi masa uwa da uba. Shef ɗinmu Hamani, mutumin Dosso, mai haƙuri.

Yanzu sai in faɗi yadda dankali ya shigo cikin maganar. Abincinmu na rana shinkafa da wake ne, yau da gobe da jibi, har wake ya fara gaishe mu da suna. Don in rage wa mutane gundura nake gasa dankali a ajiye gefen akushi. Nakan tona ɗan rami in ƙona itace har ya zama garwashi, in jera dankalin, in rufe da toka mai zafi, in ɗora sauran garwashin a kai. Ƙanana nake saye, masu jan bawo, kaurin damtsen yaro. In tsinke ya shige ya fita ta ɗaya gefen, ya nuna. Sai in kaɗe tokar, in tsaga shi, in zuba man gyaɗa da gishiri, in barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da barkono, in yanka ɗanyar albasa a kai. Yajin ke kashe zaƙin, sai ya tafi da shinkafa kamar tare aka haife su. Arzika yakan ce dankali ba yaji abincin yaye ne.

Lokacin da nake binne dankalin shi ne lokacin da magini ke sauka zagayen ƙarshe kafin abincin rana. In ya nuna nakan ce, "Ya nuna," masu igiya su jawo mutum, shi ke cin na farko. Wata rana shef ya auna da agogonsa, ya ga dankalina da dokar sun zo daidai, ya yi dariya ya ce ashe yana da mataimaki. Tun daga nan ba wanda ya sake duba agogo a wannan zagaye. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Ya dai zama, shekara da shekaru, ba a taɓa samun matsala ba.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Tawa cefanen sati. A wurin wani mai lambu na ga dankalin da ban taɓa gani ba. Na gaya wa mutane daga baya cewa guda ɗaya sai da na ɗaukar masa kabu-kabu nasa shi kaɗai. Wannan ƙari ne. Amma kowanne ya kai kan jariri, wani ya fi. Ban yi tunanin komai ba sai fuskar Arzika in na dire masa guda a gaba.

Litinin da hantsi shef ya shiga mota zai tafi Tebaram ɗauko siminti. Ya leƙo ta taga ya ce, "Gaskiya, kafin azahar na dawo. Na bar maka mutane."

Na ce, "Shef, tahi da hankalinka kwance. Ko rijiya ukku ka bar min, ka iske su da ruwa."

Agali ya fito daga zagayensa, ya sha ruwa, ya miƙe a inuwar wata aduwa ya rufe fuska da rawani. Arzika yana ɗaura igiya a ƙugu na zazzage buhun a gabansa. Ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Kai bawa, wanga dankali na, ko kan kakanka anka tono?"

Na ce, "Kakanmu guda, ka yi a hankali. Wanga ƙaramin na. Babban yana Tawa, an rasa motar da za ta ɗauko shi."

"Ka aje min wancan mai kama da kai. Kuma ka sa yaji, jiya rowa ka yi."

"Bawa ba ya zaɓe."

Ya yi tsaki yana murmushi, ya ce bisimilla, aka zura shi.

Wuƙa tana hannuna a lokacin. Har na ɗora ta a kan na farko zan raba shi biyu, don na san babba ba ya nuna da wuri. Sai na ce a raina, in na raba ina abin nunawa? Na binne su ɗungurungum. Tunanin da na yi na dankali ne kawai. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa na canza wa rijiya agogo.

Ranar Arzika ya ci karo da dutse, yana sara da guduma da kurfi. In ana kan dutse guga ba ta cika da wuri, don haka masu igiya ba su yi mamakin jinkiri ba. Suka matso kusa da murhuna, ni kuma na samu jama'a. Na shiga ba su labarin yadda na yi cinikin dankalin, da yadda mai lambun ya yi kuka da za a raba shi da su. Na soka tsinke, ya tsaya a rabi. Na mayar da toka na ci gaba. Ana dariya, ana cewa Gaskiya ka ji tsoron Allah. Na sake sokawa, cikin da sauran tauri. Na ƙara garwashi.

Agali ne ya ɗaga rawani daga fuskarsa, rana ta kama ƙafafunsa. Ya dubi inuwar itacen, ya dube mu.

Ya ce, "Gaskiya, inuwa ta koma gindin icce. Wa ke ƙasa?"

Na ce, "Arzika. Bai nuna ba tukun."

Da kunnena na ji abin da bakina ya faɗa. Kowa ya yi shiru. A cikin shirun muka gane ba ƙarar guduma. Ba wanda ya iya cewa tun yaushe ta tsaya.

Na kwanta a bakin rijiyar na kira sunansa. Na kira shi bawa, na kira shi ɗan gwaggo, na zage shi zagin da ba ya bari ya wuce ba ramuwa. Muryata ce kawai ta dawo. Aka ja igiyarsa ta taho ba nauyi, ya kwance ta don tana hana shi sara. Aka zura fitila, kafin ta kai ƙasa ta mutu. Muka karyo reshen aduwa muka yi ta sama da ƙasa da shi, ƙaya tana yanka hannu ba wanda ya kula. Agali bai jira an sake gwada fitila ba. Ya ɗaura igiya biyu, ya ce in ya girgiza sau ɗaya a ja ba tambaya. Na kama igiya tare da masu ja, ni da ban taɓa ɗaga abin da ya fi tukunya ba.

Mun fito da su biyun. Agali ya yi ta amai a gefe. Arzika yana numfashi sama-sama, leɓɓansa sun yi baƙi, idonsa a rufe kamar mai barcin gajiya. Ba mota. Mutanen ƙauye suka kawo amalanken jaki, muka shimfiɗa shi, na ɗora kansa a cinyata. Ina yi masa fifita da hulata, ina yi masa magana. Na ce masa na yarda ni ne bawan, shari'a ta ƙare, ya buɗe ido ya karɓa. A rabin hanya muka haɗu da motar shef, muka mayar da shi ciki. Ana hango rufin asibitin Tebaram na ji kansa ya ƙara nauyi a cinyata. Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya fito ya duba shi a cikin motar, ya ce mu yi haƙuri.

Bayan jana'iza shef ya zauna rubuta rahoto. Na same shi na ce ya rubuta ni ne sanadi. Na gaya masa maganar wuƙar ma. Ya ajiye biro.

Ya ce, "Agogon yana hannuna na tafi da shi, Idi. Ni aka ba amanar lokaci, na ba dankali. In za a rubuta suna, nawa ne na farko."

Ya rubuta duk yadda aka yi, bai ɓoye komai ba, aka sauke shi daga shef. Ranar ce kaɗai ya kira ni Idi.

Wurin gwaggo ya fi mini wuya. Tsohuwa ce, ido ya tafi, tana zaune a kan tabarma da carbi. Na jira masu gaisuwa suka ragu, na durƙusa na faɗa mata daga kasuwa har amalanke. Ban rage ba. Ta lalubo kaina ta dafa.

Ta ce, "Da anka hiddo shi, wa ya riƙe shi?"

Na ce, "Ni, Gwaggo."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ta ce, "To. Kwanansa ya ƙare, kai kuma an jarrabe ka. Na yahe, shi ma da yana nan zaginka zai yi ya yahe. Amma kada ka bar aikin. In ka bari, wani za su ɗauka wanda bai san abin da ka sani ba."

Na so in koma sayar da tsire a tasha, maganarta ce ta hana ni. Bayan sati biyu muka koma, Agali ya ƙarasa dutsen, a gaba talatin da shida ruwa ya ɓullo. Mata suka yi guɗa. Ni na koma bayan mota na zauna har suka gama.

Abin da na koya, ku matasa, ba wai kada a gasa dankali ba ne. Ina gasawa har gobe, kun ci, kun san ba na biyuna daga nan har Makka. Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba mugunta ke kashe mutum ba, kuma ba jahilci ba. Dukanmu mun san dokar a ranar. Sabo ne. Wata 'yar dabara ce da ta yi daidai sau dubu har kowa ya manta abin da take tsaye a kansa, ran da ƙafarta ɗaya ta goce ba wanda ke kallo. Ku dubi aikinku da kyau, kowace ƙungiyar magina tana da irin tata. Kuma mutanen nan masu sauka, jarumtarsu gaskiya ce, amma ita ke rufe musu baki. Kada ku jira na ƙasa ya nemi fita.

Na san kuna ce mini ladan a bayan idona, saboda agogo biyu da nake ɗaurawa da kiran da nake ƙwalawa kowane rabin awa ko ba ni aka sa ba. Shekaranjiya wani a cikinku ya fito yana huci, ya ce saura sara biyu ya fasa dutse na sa aka jawo shi, ya haɗa da zagin kakana. Na ba shi dankali mafi yaji na ce ya ƙara. Ku zage ni son ranku, 'yan'uwa. Duk wanda ya hau sama ya zage ni, na tabbata yana numfashi.