Mai Wankin Riga Ɗaya

A bakin kogin tsohon garinmu na lardin Hunan, wata tsohuwa tana durƙushe tana bugun riga da katako, hannayenta duk sun yamushe. Tun safe rigar nan ɗaya take wankewa, baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukarta hoto, wai sun ga rayuwar mutanen da.

Wani mai kwalekwale yana tsokanarta: "Iya Long, rigar nan ai ta gaji."

"Wuce, ɗan nema. Wankina na gaske yana cikin inji, can benen da aka kwashe mu aka kai."

Ta waiwaya tana kallon tagar shagon shayin da ke bayanta, ta daɗe. Ina jin a ɗakin nan aka haife ta, tun kafin a mai da shi shago. Wani baƙo ya ce ta juyo, tana ɓata masa hoto.