Ranar da Na Haɗa Suruki da Surukarsa Ido da Ido

Mai yiwuwa wata rana in manta ranar da aka miƙa mini difloma, amma yammacin da mutanen wani ƙauye kusa da Gidigir suka fashe da dariya a kan fim ɗin da na yi don su yi kuka, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, daga baya kuma in ji godiya ta cika mini zuciya.

A Gure aka haife ni. Lokacin da abin ya faru ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jarida da fim a Yamai. Aikin fita shi ne kowa ya yi ɗan gajeren fim, ya rubuta wane iri ne, wa aka yi wa shi, da wace dabara aka yi shi. Sannan ya nuna wa mutanen da ya ɗauka, ya rubuto yadda suka karɓe shi, ya kawo takardar yardarsu. In babu takardar nan, malamai ba sa ko kunna fim ɗin. Ni kuwa na riga na maimaita shekara ɗaya, kuma dokar makarantar ita ce wanda ya faɗi sau biyu sai ya tattara kayansa.

Na zaɓi in yi fim a kan wani kwari da rairayi ke cinyewa. Duk ɗan yankinmu ya san yadda tudun rairayi ke gangarowa a hankali ya binne lambu, ya binne rijiya, ya shaƙe dabino har wuya. Mutum biyu na gina labarin a kansu. Akwai wata tsohuwa, ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, kowa Iya yake ce mata, lambun marigayi mijinta ne rairayin ke ci. Sai mijin 'yarta, dattijo mai furfura wanda ba ya son yawan magana, shi ke riƙe da lambun, shi ke tara samari suna kafa shingen kaba don tare rairayin. Na ɗauki Iya a tsakar gidanta ranar Talata, na ɗauki dattijon a lambu ranar Alhamis. Ko hanya ba su haɗa ba, kuma da ma ba sa haɗawa. Shekara da shekaru, in ya hango ta sai ya sake hanya, in ba hali ya tuɓe takalmi ya durƙusa kansa a ƙasa. In akwai magana, 'yarta ce ke kai wa ta komo.

Duk wannan na sani sarai. Amma wata uku na yi a ɗakin haɗa fim a Yamai, kullum ina gaban ordinatar, wato kwamfuta, har mutanen nan biyu suka daina zama Iya da surukinta a idona, suka koma fuskoki biyu da zan jera yadda aka koya mini. An koya mana cewa in kana son magana ta shiga zuciya, ka matso da fuska kusa, ka nuna mai magana, ka nuna mai saurare, ka sake komawa kan mai magana. To, akwai wani wuri da Iya take zancen tsohon dabinon da ke tsakiyar lambun, tana cewa, "Tun farkon ganina da shi ya shiga raina. In na kwana biyu ban gan shi ba, ba na jin daɗin jikina. Yanzu ga shi ina ji ina gani za a raba mu." Sai na ga ai na riga na nuna dabinon a farkon fim, me zai sa in maimaita? Na yanke shi. A madadinsa na sa fuskar dattijon, daidai inda ya ɗan yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ita tana kallon dama, shi yana kallon hagu. Na kuma shimfiɗa busar sarewa mai taushi a ƙarƙashi. Malaminmu da ya gani har ya dafa kafaɗata, ya ce nan ne zuciyar fim ɗin. Na fita ranar ina tafiya kamar ƙasa ba ta ishe ni ba.

Saura kwana tara a shiga gaban malamai na iso ƙauyen. Mushen makarantar firamare, wato malamin, ya ba ni aron aji ɗaya, muka rataya tabarmi a tagogi don ɗakin ya yi duhu, aka tayar da injin wuta bayan la'asar. Maza suka zauna gaba a kan bencuna, mata a baya. Na tsaya gefen majigi da littafina a hannu, a shirye nake in rubuta inda hawaye zai fara zuba.

Da farko komai lafiya. Kowa na nuna gidansu, ana cewa "ga rijiyarmu, ga jakin wane." Sai aka zo wurin nan. Fuskar Iya ta cika bango, ta ce tun farkon ganinta da shi ya shiga ranta. Fuskar dattijo ta biyo baya, yana murmushi. Sarewa ta ɗauka. Sai wata mata daga baya ta ce, "La ilaha illallahu!" Wani saurayi ya kasa riƙewa, ya tuntsire. Shi ke nan, kamar an ɓalle bakin tulu. Wani yana dukan benci, wata tana guɗa, wani ya ɗaga murya ya ce, "Saura ruwan sama da rawa!" Mutanen da suka tashi da kallon finafinan Indiya da na Kano, wa zai gaya musu ma'anar fuska kusa da fuska ana busa sarewa? Ni na rubuta a takarda cewa fim ɗin gaskiya ne mai ban tausayi. Su kuwa fim ɗin soyayya suka gani, tsakanin mutum da uwar matarsa.

Na waiga baya, na ga Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, mata biyu suna fita da ita. Dattijon ya miƙe a hankali, ya saɓa rawaninsa, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. Na bi shi da gudu har gindin wata bishiya, na durƙusa.

"Baba, don Allah ka tsaya in yi maka bayani."

"Ɗana," in ji shi, "na ba ka fuskata ne don ka nuna rairayi. Fuskar matar nan, tun da na auri 'yarta ban taɓa tsayawa na kalle ta ba, sai yau da ka sa ni a gaban jama'a. Abin nan kada ya ƙara fita ko'ina."

Bai yi faɗa ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma ajin na tarar kowa ya watse, injin yana ta ƙara shi kaɗai. Kunya ta ishe ni, tsoro ya ishe ni, kuma in faɗi gaskiya har da haushi, don a raina ina cewa mutanen nan ba su san fim ba. Dubi wauta irin ta ɗan makaranta.

Washegari da hantsi na tafi gidan Iya ba da haƙuri. Ban je da niyyar roƙon komai ba, na riga na sallama difloma. Na same ta zaune a inuwar zana tana ɓare gyaɗa. Da yake ƙawar kakata ce, tun ina yaro mijinta take ce mini, ni ma ina tsokanarta. Na yi sallama.

"A'a, maigida ne?" in ji ta. "Kai da ya kamata ka yi kishi, kai ne kuma ka aurar da ni a bango? Zauna. Ina abin? Kunna mini in gani da idona, jiya kunya ba ta bar ni ba."

Na buɗe ordinatar a kan tabarma. Ta kalla har wurin, ta ce in tsayar. Ta ce in mayar baya. Sau uku muna yi.

"Me ya sa ka matso da fuskata haka? Kusa irin wannan, marigayi kaɗai ya taɓa ganina."

Na ce don a ga damuwarta ne.

"To, wa nake magana a kai?"

"Dabino, Iya."

"Ina dabinon?"

Na ce na yanke shi.

"Ka ɗauke mai maganar ka sa wani a wurinsa, kuma ka ce mutane kada su yi dariya? Wannan busar fa? Jikata tana nuna mini fim a wayarta kullum. Duk inda aka yi irin wannan busa, to, yarinya ce za ta leƙo daga bayan icce. A lambunmu ka taɓa jin sarewa? Iska ce ke kuka a cikin kaba, ita ce ke hana mu barci. Ita za ka sa."

Na ji kamar in nutse. Shekara uku ina karanta yadda ake gane irin fim daga alamominsa, ga tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta warware mini nawa a zama ɗaya, hannunta bai ma daina ɓarar gyaɗa ba. Sannan ta tambaye ni abin da malamai suka sa mu rubuta a shafin farko, wanda na cike ba tare da na yi tunani ba.

"Wai wa ka yi wa fim ɗin nan? Mu, ko malamanka?"

Na ce, "Ku."

"Ƙarya kake yi, maigida. Da mu ka yi wa, da ka bar zana a tsakaninmu."

Ita ta tsara mini gyaran. In ta gama magana, a nuna dabinon. Kafin a je kan surukinta, a nuna zanar gidanta, a ɗan dakata a kai, don kowa ya san ita tana ciki, shi yana waje. Shi kuma a nuna shi daga nesa yana aiki, kada a matso. Na ce duk zan yi, amma ai Baba ya riga ya hana. Sai ta ƙwala wa 'yarta kira, ta ce, "Je ki gaya wa uban yaran nan, in ji ni, yaron nan kuskure ya yi, ba raini ba ne. A sake nuna abin a ɗakin nan dai, gaban mutanen nan dai. Inda aka yi dariyar, nan za a wanke ta. Ki kuma ce masa, in ba a nuna ba, dabinon uban matarsa zai nutse ba wanda ya gani."

Kwana uku na yi ina aiki. Na koma lambu na ɗauki dabinon, rairayi ya kai masa ƙirji. Na ɗauki kukan iska. Na ɗauki zana, ba komai a cikinta sai inuwar kaza da ta wuce. A rana ta huɗu aka sake rataya tabarmi. Ɗakin ya fi na farko cika, kuma na san da yawa dariya suka zo ƙarasawa. Dattijon bai shigo ba. Na leƙa na gan shi zaune a waje gindin taga, ya ɗan ɗaga gefen tabarma.

Aka zo wurin. Zufa ta jiƙe mini riga. Iya ta ce tun farkon ganinta da shi ya shiga ranta, sai dabinon ya bayyana, shi kaɗai cikin rairayi, iska tana kuka. Wani ya fara 'yar dariya, bai samu mai taya shi ba, ya haɗiye. Da ta ce "ina ji ina gani za a raba mu," wata tsohuwa ta ce "Wayyo Allah," na ji ana jan hanci a bayan ɗaki. Ban rubuta komai a littafina ba.

Bayan an watse, dattijon ya kira ni da hannu. Ya karɓi takardar yardar, ya dangwala yatsa a tawada ya danna. Ya ce, "Yanzu ka nuna rairayi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

A Yamai malamin nan ya ɓata rai, ya tambaye ni a gaban sauran malamai dalilin da ya sa na lalata wuri mafi kyau a fim ɗin na cusa hoton zana. Sai na nemi izini na nuna musu fim ɗin da aka gyara, na kwatanta musu na farkon da baki, don na yi wa Baba alkawarin ba mai ƙara ganinsa. Na gaya musu abin da ya faru tun daga dariya har zuwa gyaɗar Iya. Wata malama a cikinsu, Bahaushiya ce, ta rufe baki da hannu tun kafin in kai ƙarshe. Na ci, kuma da sakamako mai kyau.

Iya ta rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙanta da rahama. Bara da na je, shingen kaba ya tare gefe guda na kwarin, amma tsohon dabinon ya tafi, ko kansa ba a gani. Ita da dabinon yanzu a fim ɗin nan kaɗai suka rage, kuma duk lokacin da na kunna ina yi mata addu'a. Ba ta bar ni na faɗi ba, alhali ni na kunyata ta a gaban garinsu.

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma abin da na koya a tabarmar nan shi nake fara gaya wa ɗalibaina. Irin fim ba a takardarka yake ba, yana idon masu kallo, da abin da suka saba gani, da abin da suke jin kunya. Kafin ka haɗa fuska biyu a bango, ka tambayi kanka ko masu fuskokin za su yarda su zauna a tabarma ɗaya. In ba za su yarda ba, ka bar musu zanarsu.