Malam Ndagi ya tafi, rufin ɗakinsa na Gwada a buɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan waya ta shigo: Malam Ndagi ya rasu kafin asuba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon malamin kimiyya ne, ɗan Bida, mazaunin Dutsen Kura a nan Minna. A shagona na Sabon Gari yake wanke hotunan taurari. Ranar da ya fara zuwa na ce masa fim ɗinsa ya lalace, ɗige-ɗige kawai nake gani. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mai Hoto, kai amarya kaɗai ka sani. Wannan kaza da 'ya'yanta ne, duba da kyau."

Tun daga ranar muka ƙulle. Lokacin da kyamarata ta faɗa ruwa a wani biki, tasa ya ba ni na yi wata biyu ina aiki da ita, bai taɓa tambaya ba.

Ya ce fitilun Minna sun cinye masa sama. Shi ya sa ya kai madubinsa na hangen taurari wata gona can bayan Gwada, inda babu ko ƙwan lantarki ɗaya. Ya gina masa ɗan ɗaki mai rufin kwano da ke zamewa, ya haɗa da sola. Daga falonsa yake buɗe rufin da kwamfuta bayan magariba, ya rufe bayan sallar asuba. Shekara uku ke nan bai taɓa mantawa ba.

Jiya ya buɗe. Bai kai asuba ba.

'Yarsa Hauwa ta kunna kwamfutar, babu wanda ya san lambar sirrin. Na kira mai gonar ya fi sau goma, babu sabis. Ga hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, wajen Gwada ɗin. In ruwan nan ya sauka, madubin ya tafi, da na'urar da ke ajiye hotunan da ya ce zai bar wa ɗaliban tsohuwar makarantarsa.

Ganina da shi na ƙarshe a gonar ne, sati biyu da suka wuce. Ya sa na cire wani ƙarfe, na tura rufin da kafaɗa, wai ko injin da ke jan sa zai ƙi wata rana. Na ce Malam, ni da ko tsani ba na hawa? Ya ce, "Ka dai koya."

Ni kaɗai ya nuna wa.

Jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya ce. Hanyar gonar a ƙarshen damina, ko da babur, ba zan je in dawo kafin nan ba. Na tsaya a ƙofar gidansu na rasa abin yi, sai Hauwa ta fito ta sa mini makullin ɗakin madubin a hannu.

"Kawu, masu sallah suna da yawa. Mai rufewa kai kaɗai ne."

Daga tasha nake rubuta wannan, iska ta fara tasowa, kuma tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan Malam Ndagi, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hauwa da 'yan'uwanta haƙuri. Ku sa shi a addu'a, ku roƙa mini in riga ruwa isa. Duk wanda ya samu sahu a Dutsen Kura, don Allah ya tsaya har da nawa, ni ba zan ga an kai abokina ba.